Yadda ake ɗaukar hoton nebula da kyamara da dogon lensi, ba sai kana da na'urar hangen taurari ba

Bari in fara da abin da zai iya kashe maka gwiwa tun daren farko don kar ka ce ban faɗa ba. Hoton da za ka gani a bayan kyamararka bayan ka danna ba zai yi kama da waɗanda kake gani a intanet ba ko kaɗan. Baƙi ne mai ɗan ja-ja kamar ruwan kududdufi, ɗige-ɗigen taurari, sai wani ɗan tabo a tsakiya kamar an shafa hoda da yatsa. Ni ranar da na fara nuna wa ƙanina irin wannan cewa ya yi, yaya wai wannan ne ka kwana a gona dominsa? Dariya kawai na yi, don hoton gaskiya ba a fili ake ganinsa ba, a kwamfuta yake fitowa bayan ka haɗa guda ɗari ko ɗari biyu irin wannan mummunan sun zama ɗaya. Duk sirrin harkar nan ke nan, tara haske. Wanda ya tara hasken awa uku da tsohuwar kyamara a ƙauye mai duhu zai doke wanda ya tara na minti goma da kyamarar miliyoyi a tsakiyar gari.

Nebula gajimare ne na iskar gas da ƙura a can cikin sararin samaniya, a irinsa ake haifar taurari. Wadda za mu yi aiki da ita ita ce ta cikin rukunin taurarin da ake kira Orion, lambarta M42, nisanta kamar tafiyar haske ta shekara 1,350. Na zaɓe ta ne saboda tana da haske sosai har ido na iya hango ta, kuma ita ce nebula ta farko da aka taɓa ɗauka a hoto, wani Ba'amurke Henry Draper ya ɗauke ta a 1880 da buɗe na'urarsa na minti 51. Kyamarar da kake ɗaukar biki da ita ta fi tasa nesa ba kusa ba.

Mutane suna zaton sai da ƙatuwar na'urar hangen nesa. A'a. Yawancin nebula manya ne a sama, matsalarsu rashin haske ne ba ƙanƙanta ba. Faɗin wata rabin digiri ne, ita M42 ta kai digiri ɗaya, wadda ake kira North America kusa da tauraron Deneb ta kai faɗin wata huɗu. Lensi 135mm a kan kyamara mai ƙaramar sensa (faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara) yana ɗaukar fili kamar digiri 9 da digiri 6, wato a hoto ɗaya za ka samu M42 da wasu nebula biyu na kusa da ita, Horsehead da Flame, gaba ɗaya. Me kake nema kuma.

Kayan aiki

Kyamara kowace iri in dai tana cire lensi, tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, kuma tana da M, wato saitin hannu, a kan maɓallinta. Tsohuwar Canon 600D ko Nikon D5300 ta gwanjo ta isa. Lensi kuwa tsakanin 85mm zuwa 200mm. Wanda 'yan harkar nan suka fi yabo shi ne Samyang 135mm f/2, a wasu ƙasashe Rokinon ake rubuta masa amma abu ɗaya ne, kuma ya cancanci yabon. In 70-300 ɗin da ya zo da kyamara kake da shi to fara da shi, da babu gara ba daɗi, sai dai ka sani f/5.6 yana shigar da kashi ɗaya cikin huɗu ne na hasken da f/2.8 ke shigarwa, abin da wani zai samu a awa ɗaya kai sai ka yi huɗu.

Sai ƙafar kyamara mai ƙarfi, ba irin ta roba da iska ke kaɗawa ba. Sai rimot mai waya wanda ake saita masa daƙiƙa nawa da hoto nawa ya yi ta dannawa da kansa, ba shi da tsada kuma in babu shi za ka wahala. Batir biyu ko uku, memori mai fili aƙalla gigabait 32, fawa banki, seloteb, da tocila da ka rufe bakinta da jar leda don farin haske yana lalata sabon da idonka ya yi da duhu.

Babban abu shi ne tiraka, ɗan injin da ke juya kyamara a hankali tana bin taurari. Duniya tana juyawa digiri 15 duk awa, a 135mm in ka buɗe ya wuce daƙiƙa ɗaya zuwa biyu taurari sun fara zama layi kamar shinkafa. Akwai lissafin da ake yawan faɗa wai ka raba 500 da tsawon lensi, a ƙaramar sensar Canon sai ka fara ninka 135 da 1.6 tukuna, ya ba ka kamar daƙiƙa 2.3, amma ni a gwajina daƙiƙa ɗaya ce tsakani da Allah. Da tiraka irin Sky-Watcher Star Adventurer ko iOptron SkyGuider Pro, kowanne yana ɗaukar nauyin kilo 5, za ka buɗe minti ɗaya har biyu taurari na nan zagaye. Wanda aljihunsa bai kai ba kuma yana da hannun kafinta zai iya haɗa na katako, allo biyu da hinjin ƙofa da noti M6, ka huda ramin notin milimita 229 daga tsakiyar hinjin, kana juya shi zagaye ɗaya duk minti ɗaya. Yana aiki da gaske amma ya fi dacewa da 50mm, a 135mm hannu yana rawa.

Zaɓen dare, nan ne rabin aikin

Abu uku za ka duba, wata da hazo da hasken gari.

Wata mai sauƙi ne a wurinmu tunda kowa ya san kwanan watan Musulunci. Daga 25 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabo kusan duk daren naka ne. Wajen 7 ga wata yana faɗuwa tsakar dare sai ka yi aiki bayan nan, wajen 22 kuma sai tsakar dare yake fitowa sai ka yi aiki kafin nan. Daga 10 zuwa 18 ka kwanta ka yi barcinka, farin wata yana wanke nebula tas.

Hazo shi ne ciwon kanmu. Abin haushi Orion ya fi kyawun matsayi a Disamba da Janairu, daidai lokacin da hunturu ke turo ƙura daga Sahara. Shi ya sa ni na fi son ƙarshen Oktoba da Nuwamba, damina ta ɗauke, ruwa ya wanke sama, ƙura ba ta kankama ba. Sai dai ka haƙura da barci don a tsakiyar Nuwamba sai wajen ƙarfe biyu na dare yake kaiwa ƙololuwa, a tsakiyar Disamba sha biyu da 'yan mintuna, tsakiyar Janairu goma da wani abu. Ko cikin hunturu akan samu kwana biyu uku da hazo ke lafawa, yadda nake ganewa shi ne in duba faɗuwar rana, in ta faɗi da ƙarfinta har ƙasa sama shuɗiya to daren zai yi kyau, in kuwa tun la'asar ta zama farin faranti da za ka iya kalla ba ƙifta ido kar ma ka ɗauko jaka. Sa'armu ɗaya, daga Kano Orion yana hawa har digiri 70 da ɗoriya, kusan tsakar ka, kuma ƙura ta fi kauri ne a gefen sama ba tsakiya ba. Don haka ka yi aikinka awa biyu kafin ya kai ƙololuwa zuwa awa biyu bayan nan.

Hasken gari kuwa akwai ma'aunin Bortle daga 1 zuwa 9, 1 duhu ƙirin, 9 tsakiyar birni, kuma akwai taswirarsa a intanet. Ka nemi 4 zuwa ƙasa. Ɗauke wuta yana ɗan taimakawa amma kar ka dogara da shi, janareto da fitilun sola na titi suna nan. Ka fita ta ɓangaren da birni zai koma bayanka, tunda Orion ta kudu yake bi to ka fita kudancin gari.

Wani abu da ba za ka gani a bidiyon Turawa ba: kar ka je gonar mutane da dare da ƙarafuna masu kama da makami ba ka gaya wa kowa ba. Ka je da rana ka gaida mai unguwa, ka sanar da 'yan sintiri, ka tafi da ɗan gari. Ni an taɓa haske ni da tocila huɗu lokaci guda ana tambayar waye nan, sai da na nuna musu kaza da 'ya'yanta a allon kyamara sannan aka koma hira, amma hotuna shida suka lalace da hasken tocilar. Inda babu tsaro kuwa kar ka je sam, rufin gidanku ya fi. Ka sa takalmi rufaffe saboda kunama, ka ɗau rigar sanyi.

Saita tiraka

Dole bakin tiraka ya kalli tauraron arewa, Polaris, wanda duk sama ke zagayawa a kusa da shi. Tsayinsa daga ƙasa daidai yake da layin latitud da garinku yake a taswira, a Kano digiri 12, Sakkwato 13, Abuja 9, Agadas 17. Ka ga ƙasa-ƙasa yake sosai, bishiyar darbejiya ɗaya ta isa ta tare shi, hazo ma yana haɗiye shi. Saboda haka tun da rana ka zaɓi wurin da arewarsa fili ne fetal.

Ka kafa ƙafar ta zauna daidai, ka saita gwiwar tiraka a kan lambar garinku, ka juya ta arewa da kamfas ɗin waya. Ka leƙa ɗan madubin da ke cikin tiraka za ka ga da'ira kamar fuskar agogo. Polaris ba a tsakiya ake sa shi ba don ya ɗan kauce daga ainihin cibiyar da ƙasa da digiri ɗaya, akwai manhajojin waya kyauta da ke nuna maka inda za ka ɗora shi a kan da'irar a wannan lokacin. Da sukurorin gwiwar za ka matsa shi, ba da jan ƙafa ba. Ka ɗora kyamara da duk nauyinta sannan ka sake leƙawa, sau da yawa ya goce.

In Polaris ya ƙi bayyana kar ka tattara. Bar shi a kan kamfas da lambar gari, ka gwada daƙiƙa 15, in taurari zagaye ne ka ƙara zuwa 20, 30, har inda suka fara ja sai ka koma baya taki ɗaya. Hoto 300 na daƙiƙa 20 ma minti 100 ne.

Fokas da saitin kyamara

Juya kan M, zaɓi RAW, kashe otofokas, kashe mai hana rawa na lensi, kashe rage tsaki (tsaki shi ne ɗige-ɗigen datti da sensa ke sa wa hoto) na dogon buɗewa da ke cikin menu don yana cinye rabin darenka a banza. Shiga bulb, saitin da ke barin kyamara a buɗe har sai an saki, in za ka wuce daƙiƙa 30.

Fokas ne ke kashe yawancin hotuna. Alamar nan mai kama da takwas a kwance da ke jikin lensi kar ka yarda da ita. Nemi tauraro mai haske, Sirius ko Rigel, kunna allo, ƙara girma sau goma, ka juya zoben a hankali har tauraron ya zama mafi ƙanƙanta, ka wuce kaɗan ka dawo don ka tabbatar. In ka samu faifan Bahtinov, wata roba ce mai tsage-tsage da ake ɗorawa a bakin lensi, ya fi sauƙi, tauraron zai fitar da layi uku, in na tsakiya ya zauna daidai tsakanin biyun shi ke nan. Daga nan ka manne zoben da seloteb, in lensi mai zum ne shi ma zoben zum ɗin ka manne don in ya kalli sama yana zamewa da kansa. Duk bayan minti arba'in ka sake dubawa, sanyin dare yana sa ƙarfe da gilashi su ɗan motse fokas ya goce. Na taɓa dawowa da hoto 90 duk taurarin kamar ƙosai saboda na yi kasalar dubawa.

Kar ka bar lensi a buɗe gaba ɗaya, ɗan rage shi, mai f/2 ka sa 2.8, mai 2.8 ka sa 3.5 ko 4, taurarin gefe za su daina kama da tsuntsaye. ISO, wato ƙarfin da kyamara ke ƙara wa haske, 800 ko 1600. Daƙiƙa 60 don farawa. Ɗauki ɗaya ka duba jadawalin haske, wato histogram da kyamara ke nunawa mai kama da tudu, tudun ya rabu da bangon hagu ya zauna wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. In ya kai tsakiya samanka ta yi haske da yawa, rage daƙiƙa.

Nemo abin ba wuya, taurari uku a jere su ne ɗamarar Orion, ƙasa da su akwai wasu ƙanana uku da suka rataya, na tsakiyarsu mai dishi-dishi shi ne M42. Ka sa manhajar taswirar sama Stellarium a waya ta nuna maka. Ka daidaita hoton yadda tauraron Alnitak, na gabashin ɗamarar, yana gefe ɗaya M42 na ɗaya gefen, don Horsehead da Flame a jikin Alnitak suke.

Yanzu saita rimot, daƙiƙa 60, hutun daƙiƙa 3 tsakani, hoto 120. Ka ja baya ka zauna kan tabarma kar ka yi ta zagaye ƙafar. Duk bayan hoto goma sha biyar ka ɗan gusa kyamarar kaɗan ƙwarai, wannan yana hana tsakin sensa taruwa wuri ɗaya ya zama zane-zane kamar ruwan sama. Tsakiyar M42 tana da haske har tana ƙonewa fari fat a daƙiƙa 60, to ka ƙara guda 30 na daƙiƙa 5 don cike wurin daga baya.

Me ya sa da yawa haka? Tsaki yana raguwa ne da lissafi mai rowa, sai ka ninka yawan hotuna sau huɗu kafin tsabtar ta ninka sau biyu. Daga 10 zuwa 40 za ka ga bambanci baro-baro, don ka sake ganin irinsa sai 160. M42 kaɗai rabin awa ta fito da ita, Horsehead kuwa a kyamarar da ba a taɓa ba sai awa biyu zuwa sama, saboda jan hasken haidurojin da take zaune a kai, mai tsawon nanomita 656, akwai wani gilashi a gaban sensa da ke tare mafi yawansa. Wasu suna cire gilashin amma daga nan hoton mutane zai riƙa yin ja, kar ka yi wa kyamarar neman abincinka haka.

Wanda ba shi da tiraka ko kaɗan: daƙiƙa 1, lensi a buɗe, ISO 3200, hoto 600 zuwa sama, duk minti uku ka dawo da nebula tsakiya don tana gudu digiri ɗaya duk minti huɗu. Minti goma ke nan na haske, Horsehead ba za ta fito sosai ba amma M42 za ta fito da fukafukanta.

Kafin ka tattara

A nan gajiya ke sa mutane ha'inci, kuma daga baya su yi da-na-sani. Hotuna kala uku za ka ƙara. Na duhu: rufe lensi da murfinsa, kar ka canza komai, ɗauki 20 zuwa 30 a wurin tun sanyin bai canza ba, don tsakin sensa da zafi yake tafiya, shi ya sa ma hoton bazara ya fi na hunturu datti. Na fari: cire murfi, kar ka taɓa fokas ko buɗewar lensi, shimfiɗa farar singileti a bakinsa ka ɗaure da roba, ɗora farin allon waya ko laftof a kai, juya zuwa Av, inda kyamara ke zaɓar gudu da kanta, ka ɗauki 25, tudun haske ya zauna tsakiya. Su ne ke cire duhun kusurwa da inuwar ƙurar da ke kan sensa, kuma mu da ke cikin ƙura mun fi kowa buƙatarsu. Na uku, murfi a rufe, gudu mafi sauri kamar 1/4000, guda 40, minti ɗaya ka gama. Kar ka cire lensi a fili cikin hunturu, bari sai ka shiga ɗaki. A Oktoba kuma raɓa ce abokiyar gaba, ka riƙa haska bakin lensi kana dubawa, ka sa masa hularsa.

A kwamfuta

Fara da zubar da marasa kyau, wanda jirgi ya ratsa da fitila, wanda iska ta kaɗa, wanda gajimare ya shiga. Kar ka ji tausayinsu.

Sai manhajar haɗa hotunan. DeepSkyStacker kyauta ne a Windows kuma ya fi sauƙi ga sabon shiga, Siril ma kyauta ne kuma shi nake amfani da shi don yana haɗawa yana kuma gyarawa. A Siril ka buɗe folda huɗu da waɗannan sunaye daidai, lights na hotunan sama, darks na duhu, flats na fari, biases na masu sauri, ka danna OSC_Preprocessing, umarnin da ke haɗa su duka da kansa, ka tafi shan shayi. Ka tabbata kana da fili, hoto 600 suna iya cin sama da gigabait 100 kafin ya gama, kuma laftof ya kasance da caji ko inbata, in ya mutu a tsakiya sabon lale.

Sakamakon zai fito baƙi ƙirin kamar ba komai, kar gabanka ya faɗi, sa Autostretch a ƙasa don ka leƙa abin da ke ciki. Yanke gefuna tukuna. Sai cire hasken bango da Background Extraction, ka goge ɗigon da suka hau kan nebula don kar ya ɗauka datti ce ya share ta. Sai daidaita launi da Photometric Color Calibration, ka rubuta M42 da tsawon lensinka, yana buƙatar data kaɗan. Cire kore-koren da ya rage. Sannan jan haske, kuma a nan ne hannu ke nuna kansa, kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi ja ɗaya mai ƙarfi. Kar ka mai da sama baƙa wuluk don ɓoye tsaki, duk yankin Orion cike yake da ƙura mai launin ƙasa-ƙasa kuma ita ce kyawun faɗin hoton, ka bar bango toka mai duhu. A 135mm taurari suna yawa har su rufe nebula, manhajar StarNet tana cire su ka gyara nebula ita kaɗai sannan ka mayar da su da ɗan raguwa. Ajiye hoton a tsarin TIFF, buɗe a manhajar gyaran hoto GIMP, ɗora na daƙiƙa 5 ɗin a kan tsakiyar da ta ƙone da burushi mai laushi. Launi kar ka cika, in ya fara kama da atamfa ka koma baya.

In Orion ta shiga hannu, kaza da 'ya'yanta tana nan kusa da shuɗin gajimarenta, sai wasu nebula, Rosette na gabas da Orion, North America da daddare a farkon Oktoba, Lagoon da Trifid da yankin Antares a daren damina da aka yi ruwa sama ta washe, ko kafin asuba a Afrilu. Akwai kuma Carina da ta fi M42 girma, wadda mutanen Turai ba sa ganinta sam amma daga Kano tana hawa digiri 18 a kudu wajen tsakar dare a farkon Maris, sai dai ƙasa-ƙasa take cikin ƙura, ni sau uku ina fita dominta, sau ɗaya kawai na dawo da abin da zan iya nunawa.